Gwadabe, mai auna hannu kafin ya yanka ƙarfe

Da ƙarfe bakwai na safe Malam Gwadabe yake isa garejinsa da ke bayan wata tsohuwar masaƙa a Sharada. Ya jingine kekensa, ya share ƙasa, ya jera sifanu a kan buhu. Daga nan sai ya tsaya gaban wani katako da ke rataye a ƙarƙashin rumfa, ya bi igiyoyin da ke jikinsa da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai jan carbi. Shekara talatin da huɗu ya yi yana haka. Ranar Asabar da ta wuce ya daina, domin idonsa ya yi yana, filin kuma an sayar wa wani mai son gina sito. Masaƙar ma sito ce yanzu. A Sharada duk inda aka daina ƙera abu, sai a mai da wurin ma'ajiyar irinsa da aka ƙera a wata ƙasa, a ce gari ya ci gaba.

Igiyoyin arba'in da ɗaya ne, kowace da ƙulli biyu. Kowace igiya awon hannun wani mutum ce.

A motar da ake sa wa giya da hannu, sandar giyar tana yin tafiyar taƙi guda ko fiye daga ta biyu zuwa ta uku. Mai lafiyayyen hannu bai ma san da wannan tafiya ba. Wanda injin kamfani ya taɓa kama wa hannu ya san ta sarai. Aikin Malam Gwadabe shi ne rage ta.

Malam Sagir, shugaban direbobi a wani kamfanin roba, shi ya ba da labarin Yohanna. Yohanna mutumin Zonkwa ne, yana aiki a kan injin da ke fitar da bokitai. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce injin ya ja masa hannun dama. Ya fito asibiti da yatsu uku, gwiwar hannun kuma ta sandare, ba ta miƙewa. Manajan ma'aikata, mutum mai tausayi ƙwarai a takarda, ya ce kamfani ba zai yar da shi ba. Akwai gurbin direban a-kori-kura mai kai kaya Challawa, Yohanna kuma yana da lasin. A zo gwaji ranar Litinin. In ya tuƙa, aiki nasa ne. In ya kasa, kamfani ya yi iya ƙoƙarinsa. Yohanna yana da mata, Lidiya, da 'ya'ya huɗu a ɗaki biyu na haya a Na'ibawa.

Ranar Juma'a Sagir ya ba shi motar ya gwada a bayan kamfani. Ta ɗaya ta shiga da ƙyar, ta biyu ta shiga lafiya. Da aka zo ta uku, wadda take can gaba, sai da ya ɗaga bayansa daga kujera ya bi hannun da duk jikinsa, sitiyari ya karkace, motar ta nufi magudana. Sagir ya ja birkin hannu. Da ya koma ofis sai ya rubuta cewa motar tana bukatar sabis, abin da ba ƙarya ba ne a kan kowace motar kamfanin.

Asabar da safe suka isa gareji.

"Malam, ga mota na kawo, ga kuma mai son hawanta," in ji Sagir.

Gwadabe ya dubi hannun Yohanna, ya kawar da kai da sauri don kada kallon ya yi yawa. "Motar ce ba lafiya?"

"Lafiyarta ƙalau."

"To ita za a yanka ke nan. Shiga ka zauna, maigida."

Bai buɗe gaban mota ba. Igiya ya yanko. Ya sa Yohanna ya manna bayansa da kujera, ya riƙe sitiyari da hagu, sannan ya ɗora bakin igiyar a kafaɗarsa ya ce ya janyo hannu baya. Ya ƙulla. Ya ce ya miƙa gaba. Yohanna ya miƙa, ya ƙara miƙawa, har gumi ya tsatso masa a goshi.

"Dawo," in ji Gwadabe. "Manaja ake yi wa wannan. Ni bakanike ne."

"Malam, zan iya kaiwa nan."

"Na ga ka kai. Ba inda za ka kai sau ɗaya nake tambaya ba. Inda za ka kai sau ɗari biyar a wuni, ka koma gida ka iya kai loma baki."

Yohanna ya sassauta hannun. Gwadabe ya yi ƙulli na biyu. Tsakanin ƙullin nan biyu bai wuce faɗin yatsu huɗu ba, kuma a cikinsa giya biyar da ribas za su zauna.

Yawancin masu gyara in an ce su gajarta giya, zarto suke ɗaukowa su datse kan sandar. Tafiya takan ragu, amma giyar ta yi nisa da hannu, ta yi tauri. Shi daga ƙasa yake farawa. Sandar tana lilo ne a kan wata ƙwallo da ke tsakiyarta. Sai ya ƙara tsawon ɓangaren da ke ƙarƙashin ƙwallon da walda, ya ɗaga mazauninta da zoben ƙarfe, yadda ɗan motsi a sama zai zama babban motsi a ƙasa. Sannan ya gasa saman sandar ya tanƙwaro shi wajen direba, yana gwadawa da igiyar.

Da la'asar ya gama, aikin kuwa bai yi ba. Giyar ta tsaya cikin ƙulli biyu daidai, amma ta yi nauyin da yatsu uku ba za su tura ta ba. Yohanna ya gwada sau uku, ya sauko, ya ce, "Malam, kun yi ƙoƙari. Allah ya saka."

"Wa ya ce an gama? Gobe ka dawo."

"Gobe Lahadi, ina coci."

"Je ka, ka sa waldar nan a addu'a. In an tashi ka zo, ina nan."

Ranar Lahadi Gwadabe ya sake yanke abin da ya haɗa, ya rage ƙarin da ya yi, sannan ya narka tagullar wani tsohon famfo ya zuba wa sandar kai mai nauyi, mai gurbin yatsu uku. Da an ɗan tura, nauyin kan sai ya ƙarasa aikin.

Litinin manaja ya zauna a gefe da takardarsa, Yohanna ya ja motar daga Sharada zuwa Challawa ya dawo, bayansa bai rabu da kujera ba. Da suka tsaya manaja ya taɓa kan giyar ya ce motocin da can, ba a yin irinsu yanzu. A ƙarshen shekarar kamfanin ya sa hoton Yohanna a kalanda, da rubutu a ƙasa kan yadda yake kula da ma'aikatansa. Babu hoton sandar giya.

Malam Gwadabe, kai ne ka karɓi waɗanda injuna suka tauna suka tofar, daga kamfanonin fata na Challawa, da na roba na Sharada, da na buhu na Bompai, ba ka taɓa tambayar mutum yadda abin ya faru ba, don ka san ya gaji da faɗa. Kai ne wani ɗan masu hali ya kawo wa motarsa yana son giya mai saurin shiga don tsere a titi, ka riƙe hannunsa ka juya ka ce, "Wannan ai lafiyarsa lau, me ya yi maka?" Ka yi masa aikin, don sana'a ce, amma ba ka yanka masa igiya ba. Injiniyoyi masu digiri sun zana motocin nan don wani mutum guda mai cikakkun gaɓoɓi, wanda bai taɓa aiki a Sharada ba. Kai da ba ka gama firamare ba ka lura cewa wanda zai zauna a kujerar wani ne dabam.

Ranar Asabar da ta wuce Yohanna ne ya zo kwashe masa kaya zuwa Dorayi, da wannan a-kori-kurar, wadda ta tsufa har ƙofarta da waya ake ɗaure ta. Da aka gama lodi, Gwadabe ya sauko da katakon. Ba ya ganin igiyoyin sosai, amma yatsunsa suna gani.

"Wannan ta Baffa ce, na kamfanin fata. Ya rasu bara. Wannan ta Zakariyya, ya koma Maraɗi." Ya tsaya a kan wata. "Ga taka."

"Malam, ku bar ta cikin 'yan'uwanta."

"Sagir ya gaya mini. Sabuwar shekara za su sayar da motar nan su kawo wata."

Gaskiya ne. Wadda za a kawo ma mai giyar hannu ce, domin otomatik ta manajoji ce. Ba a ce za a sallame shi ba. An dai ce za a duba.

"Karɓi," in ji Gwadabe. "Duk wanda zai yi maka, ka ce tsakanin ƙulli biyu. Kada ya wuce. Kada kuma ka yi masa ƙaryar da ka yi mini."

A hanya ya ɗora tafinsa a kan giyar, a saman yatsun Yohanna, yana jin yadda take shiga. Wajen Dorayi ya ce, "Ta uku ta fara kuka. Ka kawo ta ranar..." Bai ƙarasa ba. Ya janye hannunsa ya sa a cinya, har suka ƙarasa gida.

Mun gode, Malam Gwadabe. Allah ya buɗe idon, ya sa abin da hannunka ya yi ya tsaya maka ranar da ba kalanda. Gidaje arba'in da ɗaya sun ci abinci saboda ka ɗauki hannun mutum da muhimmanci fiye da yadda masu kamfani suka ɗauke shi.

Ku kuma masu gareji na Sharada da Challawa da Bompai, wannan ba aikin da ya gagari kowa ba ne. Walda ce da haƙuri. Nan da sabuwar shekara wani mutum mai yatsu uku a hannun dama zai tsaya a ƙofar ɗayanku, da igiya mai ƙulli biyu a aljihu. In ya zo, kada ku fara ɗauko zarto. Ku ce ya shiga ya zauna.