Bitar da Jamila ta yi wa mahaifiyarta

Na tarar da Jamila, 'yar ƙasar Filifin da muke aiki tare a kantin magani a unguwar Rusaifa ta Makka, tana yi wa mahaifiyarta tambayoyi ta waya tamkar alƙali.

Na ce, "Ya ukhti, bizar ziyara ta fito. Bisa nazarina na mai digiri, wannan tuhuma ba ta da hurumi."

Ta ce, "Ustaz, a ƙasarmu tun wajen fita jami'an filin jirgi ke tantance matafiyi da tambayoyi. In ta yi inda-inda, jirgi zai bar ta."

Kullum sai ta yi mata bita: wa za ki ziyarta, yaushe za ki komo?

Jiya tsohuwar ta yi ɗawafi, Jamila na riƙe da hannunta.

Haƙiƙa jami'a ba ta koya mini wannan ba. Ku fa, wa ya taɓa tsaya muku haka?