Rakiyar Baba Arthur Zuwa Birmingham

Longsight, Asabar da asuba

Ƙarfe biyar da rabi na buɗe ƙofar Baba Arthur da makullin da aka ba ni a wurin aiki. Na zaci zan same shi a kwance. Sai na tarar da shi zaune a falo, ya sa kwat da nektai, ya taje gashi, sandarsa a tsakanin gwiwoyinsa.

"Rabi, kin makara," in ji shi.

"Baba, yanzu fa na idar da sallah. Bas ɗin ma sai bakwai."

Ga 'yan uwa na Kumasi da ba su sani ba, aikina a nan Manchester, a Ingila, shi ne kula da tsofaffi a gidajensu. Baba Arthur Bature ne mai shekara tamanin da uku, matarsa ta rasu, ba su haihu ba. Da farko ya ce in riƙa kiransa Arthur kawai. Na ce a wurinmu ba a kiran sa'an kakanka gatsal, muka shirya a kan Baba.

Dalilin tafiyar wata wasiƙa ce daga wata mata mai suna Marcia a Handsworth, wata unguwa a Birmingham. Tana tambaya ko shi ne Arthur ɗin da ya yi zaman fursunan yaƙi tare da mahaifinta, Clifford, a hannun Jamusawa lokacin yaƙin duniya na biyu. Ta ce mahaifin nata yana nan da rai. Da ya karanta, kwana biyu bai ci abin kirki ba. A na uku ya ce in raka shi. Likitansa ya yarda, manajata ma ta yarda. Ni kuwa, gaskiya, son jin labari ne ya fi ƙarfina, don shekara biyu ina yi masa aiki bai taɓa ambatar yaƙi ba.

Tasi ta kai mu tasha ƙarfe shida da minti ashirin. Direban bas ya dubi sandar, ya dube ni, ya ce kujerun gaba namu ne. Bakwai daidai muka tashi.

A kan babbar hanya

Daga Manchester zuwa Birmingham mil tamanin da 'yan kai ne. Sai da muka fita gari, gonaki suka fara bayyana cikin hazo, sannan na yi ƙarfin hali.

"Baba, wai da gaske kai matuƙin jirgin sama ne?"

Ya yi dariya. "Ina! A wutsiyar jirgi nake zama da bindiga, ina kallon baya. Duk inda muka je, ni ne na ƙarshen isa."

Ya ce yana da shekara ashirin da ɗaya aka harbo su. Su bakwai ne a jirgin, uku suka fita da laima. Shi ya sauka a gonar dankali, idon sawunsa ya karye. Matar manomin ta ba shi miya mai zafi, sannan ta aika a kira sojoji. Na tambaye shi ko ya ji haushinta. Ya ce a'a, miyar ta yi daɗi.

A sansanin fursunoni ne ya haɗu da Clifford, mutumin Jamaica, wanda aikinsa a jirgi shi ne duba taswira. Gadonsu ɗaya ne, sama da ƙasa. A can kowa yana da abokin cin abinci: ɗaya ya yanka burodi, ɗayan ya fara zaɓa. Sama da shekara suna haka.

"To me kuke yi duk yini?" na ce.

"Zagaya shingen waya. Da maganar abinci. Clifford ya dafa mini kifin garinsu da baki ya fi sau ɗari."

Stoke, ƙarfe takwas da kwata

Bas ɗin ya tsaya minti goma. Na sayo mana shayi, kofi ɗaya fam guda da rabi, kuma ruwan zafi ne kawai mai launi. Baba ya riƙe nasa da hannu biyu bai sha ba. Da muka koma hanya, shi ya ɗauko maganar da kansa.

Ya ce dab da ƙarshen yaƙi, a tsakiyar hunturu, Rashawa suka matso. Aka ba su awa ɗaya su tattara kaya, aka kora su yamma a ƙafa cikin dusar ƙanƙara. Suna kwana a ɗakunan dabbobi. Wani lokaci burodi ɗaya mutum bakwai. A kwana na huɗu tsohuwar karayarsa ta tashi, ƙafar ta kumbura har takalmi ya ƙi fita. Clifford ya zubar da kayan da ke kan wani abin ja da suka harhaɗa da katakon gado, ya ɗora shi a kai, ya ɗaura igiya a ƙugu. Kwana biyar yana jansa.

"A na tara shi ma ya faɗi. Zazzaɓi da gudawa. Da safe masu gadi suna ihu a fito, ya kasa tashi." Ya juyo ya dube ni. "Rabi, na ɗauki bargonsa na fita. Ba mu yi nisa ba na ji harbi a bayanmu, sau biyu. Ban waiga ba."

 Na karɓi kofin daga hannunsa don shayin ya fara zuba masa a wando.

"Shekara sittin ban nemi sunansa a ko'ina ba," ya ce. "Ina tsoron abin da zan gani. Yau zan gaya masa, in ya so ya kore ni."

Lozells

Cunkoso ya riƙe mu a bakin gari, sai goma saura minti biyar muka sauka. Alhaji Bashiru, mijin yayata Hassana, yana jiranmu da tasinsa. Ya kama hannun Baba da hannu biyu.

"Rabi, wannan ne sojan? Ai sai mu fara zuwa gida. Ganawar taku sai ƙarfe biyu, ko?"

Yaya Hassana ta yi shinkafa da wake irin na gida, da ƙwai da taliya da baƙin yaji. Na ce kada a sa wa Baba yajin. Ya ce a sa. Loma ɗaya ya yi, hawaye suka zubo, Yaya ta ruga ɗebo madara tana cewa, "Wayyo, za mu kashe wa Sarauniya soja!" Ya cinye kwanon tas. Bayan azahar ya ɗan yi gyangyaɗi a kujera, amma kowane minti goma sai ya farka ya duba agogo.

Handsworth, ƙarfe biyu

Tafiyar minti bakwai ce. Gidan jan bulo ne a cikin dogon layi, irin namu na Longsight. Marcia ta buɗe, mace mai kamar shekara hamsin, ma'aikaciyar jinya. A falo wani dogon tsoho yana zaune a keken marasa lafiya, idonsa ɗaya ya yi fari.

Suka tsaya suna kallon juna. Clifford ne ya fara magana.

"Har yanzu ɗingishi kake yi?"

Baba Arthur bai zauna ba. A tsaye ya faɗi duk abin da ya gaya mini a mota: bargon, harbin, da rashin waigawarsa. Ni da Marcia muna bakin ƙofa, mun rasa ko mu fita ko mu tsaya.

Clifford ya karkata kai. "Ka ɗauka? Ni na jefa maka. Na ce ka tafi, kana ta kuka kamar jariri."

"Ban tuna haka ba."

"To ni na tuna. Harbin kuma alade ne. Masu gadi suka harbe aladen manomin suka tafi da shi." Ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi. "Mutumin nan shekara sittin yana makokin alade!"

Ya ce su goma sha ɗaya aka bari a wurin. Wata tsohuwa ta riƙa kawo musu dafaffen dankali, bayan kwana uku Rashawa suka iso. Sai dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya ce shi ma bai taɓa neman Arthur ba, domin ya tabbata da wannan ƙafar ba zai kai ko'ina ba in babu mai jansa. "Na ɗauka ni na aika ka ka mutu a hanya."

Baba Arthur ya zauna a hankali. Ya ce wasu mutum biyu da bai ko san sunansu ba ne suka riƙa kama shi a hanya har suka isa. Clifford ya miƙo hannu, Baba ya kama. Marcia ta ja ni zuwa kicin.

A can ta gaya mini mahaifinta ya koma Jamaica bayan yaƙi, ya dawo Ingila da aure, ya yi shekara talatin yana aiki a masana'antar ƙarfe. Na tambaye ta wa take ganin ya tuna daidai game da bargon. Ta ɗaga kafaɗa. Har yau ni ma ban sani ba.

An gyara wa Baba ɗaki a nan. Ni na kwana wurin Yaya Hassana.

Komawa, Lahadi

Da na zo ɗaukarsa ƙarfe goma sha ɗaya, na same su suna gardama a kan sunan wani mai gadi mai gurguwar ƙafa, ga kifi da ayaba a gabansu. Bas ɗin ƙarfe ɗaya muka hau. Na tanadi tambayoyi da yawa, amma kafin mu fita Birmingham ya yi barci, bai farka ba sai da muka shiga Manchester. Huɗu saura kwata muna ƙofar gidansa, ana yayyafi.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Yaya Hassana da Alhaji Bashiru, da Marcia wadda ta zauna ta rubuta wasiƙar. Yanzu duk Lahadi da yamma ni ke danna wa Baba lambar wayar Clifford, don yatsunsa ba sa iyawa. Dukansu biyu ba sa ji sosai, sai ihu suke wa juna a waya har maƙwabciyarsa ta buga bango. Ba ya ko kula ta.