Malama Ta-ina, Kin Bar Mini Allo

Daga Allah muke, kuma gare Shi makomarmu take. Ranar Talata, tara ga watan Safar, da hantsi, maigidana ya shigo ya tsaya a bakin ƙofa bai ko cire takalmi ba. Ya ce, "Malamarku ta cika." Ina riƙe da littafin soyayya, saura kaɗan in gama. Har yau ban sake buɗe shi ba.

Malama, a ajin matan aure na yamma babu mai kiranki da sunanki. Malama Ta-ina muke ce miki, don ba mu taɓa jin kin ce wa mace "ba daidai ba ne". Ko amsa ta karkace, sai ki ce, "Ta ina kika bi?" ki saurara har mai ita ta gano inda ta saki hanya.

Na zo ajinki da tsoron lissafi tun na firamare, inda ake tsayar da mu muna rera jadawali, wadda ta yi tuntuɓe ta miƙa hannu. Shi ya sa nake maƙalewa a bencin baya da littafin labari a ƙarƙashin mayafi. Ranar da kika kama ni, na ɗauka za ki ƙwace littafin. Ba ki ƙwace ba. Kika leƙa ƙarshensa kika ce, "Amarya, shafi ɗari da ashirin ne, kina na tamanin da bakwai. Saura nawa ki san ko zai aure ta?"

"Talatin da uku," na ce, ban ko tsaya tunani ba.

"Ta ina kika bi?"

"Uku ya kai ni casa'in, sai talatin."

Kika juya ga aji kika ce, "Kun ji wadda ta rantse ba ta iya lissafi ba!"

Daga ranar kika dawo da ni gaba. Kika koya mana mu ajiye biro, mu rufe ido, mu fasa babbar lamba gida-gida har ta zama abar ɗauka. Inna mai saƙa, dattijuwar ajinmu da ke tsoron riƙe alli, ta wayi gari tana rigan matasan cikinmu ɗaga hannu.

Da na je duba ki a asibiti, kika kama yatsuna kika ce, "Ki riƙe mini ajin kafin in tashi." Na ce to, don na ɗauka za ki tashi. Yanzu shugaban makaranta ya aiko cewa babu wata malama. In ban tsaya gaban allo ranar Asabar ba, za a rufe ajin.

Malama, tsoro nake ji. Jiya ina wanke-wanke na tambayi kaina bakwai sau takwas, ya ɓace mini fat, har kwano ya suɓuce. Maigidana ya ce, "Ke da kike kuka in jaruma ta yi zazzaɓi, ina ke ina aji?" Wasa yake yi, amma ya taɓa inda ke ciwo. A littattafan da nake karantawa, in abu ya ƙure sai wani ya ɓullo ya yi ceto. Na daɗe ina kallon ƙofa, babu mai shigowa. Abin da ya fi firgita ni shi ne Inna ta kuskure, bakina ya riga ni ya ce mata "ba daidai ba ne", ta ɗauki jakarta ta koma gida da tsoron da kika cire mata.

Sai da na zauna na fasa shi yadda kika koya mana: bakwai sau bakwai, in ƙara bakwai. Hamsin da shida ya dawo. Na aika wa shugaban makaranta cewa zan zo.

Allah ya jiƙan ki, Malama, ya yafe kurakuranki, ya haskaka makwancinki, ya sauƙaƙa miki hisabi kamar yadda kika sauƙaƙa mana lissafi. Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki, da 'ya'yanki, da 'yan'uwanki, Allah ya ba su haƙuri. Ni kuma, ranar Asabar, Allah ya riƙe mini harshena.