Tsaga Tara a Kuncin Kakata

A ɗakin karatu na makarantarmu ta sakandare a Gummi akwai wani tsohon littafin tarihin Turai da bangonsa ya yage. Ba mai taɓa shi sai ni. A ciki akwai zanen wata matar sarki ta zamanin da, kusa da kafaɗarta an zana garkuwa an raba ta biyu. Bayanin da ke ƙasa ya ce rabi tambarin gidan mijinta ne, rabi na gidan ubanta. Wato ko da ta shiga fada, ba a yarda a manta inda ta fito ba. Nakan daɗe a kan shafin nan, don yana tuna mini da kakata.

Kakata matar mai gari ce a ƙauyenmu na ƙasar Bukkuyum, amma daga Anka aka auro ta. Ita tambarinta a fuska yake: tsaga tara a kowane kunci, daga gefen baki zuwa kusa da kunne. Ina ƙarami takan kama yatsana ta bi da shi a kansu muna ƙirgawa, tana cewa wanzamin gidan ubanta ne ya yi mata su, kuma duk Bazamfaren da ya gan ta a kasuwa ya san 'yar gida ce.

Hotonta ɗaya ne tak a duniya, ƙarami, baƙi da fari. Bayan rasuwarta, shekarar da nake aji biyar, Baffa, yayan mahaifina da ya gaji sarautar, ya aika da shi wurin wani mai hoto a Gummi a faɗaɗa a sa cikin gilashi. Da aka yi hutu aka ce in biya in karɓo.

Mai hoton ya ɗauko shi yana murmushi. Sai na ga wata mace mai sulɓin fuska, an haska mata fata, an shafa mata jan baki, bayanta furanni da wani dogon bene. Ba tsaga ko ɗaya.

"Malam, ba wagga ba ce," na ce a hankali.

"Ita ce mana! Kwana biyu ina fama da ita a kwamfuta. Hoton duk ya karce, har kan kumatu. Dubi yadda na share shi tas."

Ni da ko a aji ba a jin muryata, ban san lokacin da na ɗaga ta ba.

"Karcewa tara-tara, a jere, dama da hagu? Tsagarta ce ka goge!"

Ya yi dariya. "Kai ɗan boko, wa ke son tsaga yanzu? Kowa cewa yake a gyara mishi tsohuwa."

Na ce ya ba ni tsohon. Ya ce ai an gama da shi, ya nuna mini wani kwali a ƙarƙashin tebur, cike da yagaggun takardu. Na durƙusa na zazzage shi a ƙasa, ina ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. Can kusa da ƙasa na same shi, an taka gefensa da takalmi.

A gida Baffa ya ɗaga babban hoton a tsakar gida. "Masha Allah, Inna ta koma yarinya!" Kowa ya yi shewa.

"Baffa, an goge mata tsaga."

"Kai dai da tsirfa kake. To mi an nan? Ba ta fi kyau ba?"

Innata ta tsunkule ni in yi shiru. Sai ƙanwar kakata, tsohuwa mai irin tsagar nan, ta matso da sandarta, ta ƙura wa gilashin ido, ta ce, "Wace baƙuwa ce wagga kuka kawo muna?" Duk da haka aka buga ƙusa aka rataye shi a falon Baffa, yana nan har yau, kuma har yau in na shiga gaisuwa ba na ɗaga kai.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ƙannena da ba su riske ta ba, suna nuna matar nan mai jan baki suna cewa Kaka. Duk ranar da na ji haka sai in kira su ɗaki, in ciro ƙaramin hoton daga cikin ambulan, in kama yatsan kowanne. Ba na sakinsa sai ya kai tara, dama da hagu.