Cima ba ta rufe kwandonta

Daminar bana shekara goma sha bakwai ke nan da munka rufe Cima. Ni ban yi lakwal ba, wato boko, da damina nake ƙirga, kuma ban taɓa ɓatar da ƙirga ba. Bakina ke faɗi, hannun wata ke rubutawa, na kuma ce mata kada ta gyara mini magana.

Cima matar wan mijina ce, a ƙauyenmu da ke tsakanin Tajaye da Illela. Ana cewa faccala ba ta son faccala. Mu dai turmi ɗaya munka yi daka har furfura ta fito mana. Ita ta koya mini daji, a wata shekara da hatsi ya ƙone a tsaye, rumbunan gari sunka yi wayam tun kafin bazara ta raba. Ina amarya a lokacin, ɗiyar gidan da bai taɓa awon hatsi a kasuwa ba, ban san komi a ƙasa ba sai ƙaya.

A wajenmu akwai wata al'ada, har yau tana nan. Matar da za ta fita neman ganye tun asuba take sulalewa, ita kaɗai, in ta cika kwando ta ɗora ƙirare a sama, don a ce itace ta je yi. Ganin ganye a kan mace tonon asirin mijinta ne: an san rumbunsa ya ƙare. Kowa na yi, kowa ya san ana yi, ba mai faɗi.

Cima kam da hantsi take fita, ta dawo ta gaban masallaci inda maza ke zaune, kwandonta a buɗe. Wata rana wani dattijo ya ce mata, "Cima, akuya kika koma?" Ko tsayawa ba ta yi ba. "Akuyar da ke ci da gida, Malam. Ka gai da mini uwar ɗiyanka, na baro ta bayan dabagin itatuwa tana neman itacen da ake dafawa." Mijinta ya kwana biyu ba ya mata magana, amma bai bar cin kwaɗon ba.

Da ta fara fita da ni, hana ni tsinka ta yi. Riƙon kwando da kallo, shi ke nan aikina. Kuma ba da abin ci ta fara ba, da masu kisa ta fara. Ta nuna mini zaƙami da ɗansa mai ƙaya, wanda ke haukata mutum. Ta karya tumfafiya da tinya, ta nuna mini farin nonon da ke ɗiga. Sai da na iya kiran sunansu daga nesa kana ta kai ni ga tafasa, ta murje ganyen a tafinta ta kai mini hanci. Ta ce ido na ruɗi, hanci ba ya yi. Na koyi tsinkar kan tafasa tun tana jinjira, da gasaya wadda sai an tafasa an zubar da ruwan farko, da yaɗiya mai hawa shinge, da jiga wadda ke rufa asiri da rani in komi ya bushe. Anza kuwa, ta ce ba abincin mai gaggawa ba ce: a jiƙa, a zubar, a sake jiƙawa, kwana da kwanaki, har ɗacin ya fita sarai. Yunwa a ba ki a huta, amma ba da anzar jiya ba.

Naman kaza sai damina ta zagayo ta yarda ta nuna mini. Mai kyau a jikin suri yake fitowa bayan ruwa, in ka tona a hankali za ka iske doguwar wutsiya ta nutse cikin ƙasar gara. Wadda ke fitowa a juji da bakin turke, fara tas, mai faɗi, ita ce laimar kwaɗi, in ta tsufa ƙarƙashinta kan yi kore-kore. Kama da wane ba ta wane. Cima ta ce in ban ga suri ba, ban ga wutsiya ba, in take in wuce. Doka ɗaya ta ɗora a kan duka: wadda ta ɗibo ita ke fara ci, ta jira rana ta karkata kafin ta ba yaro.

Ina yawan tambayar kaina abin da za ta ce da ta ga dajin yau. Inda muke ɗibar gasaya an yi gona, gefen gonar kuma an fesa maganin ciyawa da ake sayowa kasuwar Konni. Tafasa na nan da sunanta da kamanninta, amma ta sha abin da Cima ba ta sani ba. Mata na tsoron yin nisa saboda mutanen da ke yawo da bindiga. Maza sun tafi ci-rani, wasu damina ta sauka ba su dawo ba. Ina jin duk wannan za ta jure. Abin da ba za ta jure ba shi ne na gidan da ke bayan dangata.

Barira ke cikinsa, matar jikan ƙanena, mijinta na can ƙasar waje. Ɗiya biyu gare ta, Sani da ƙanwarsa Nana mai shekara biyu. Bana hatsinsu ya ƙare, aiken kuɗi ya yanke. Danga ɗaya ke tsakaninmu, tarinta ma ina ji. Kullum ta gaishe ni, "Kaka, ina kwana," in ce ya gida, ta ce lafiya lau. Ashe tun asuba take fita, ta dawo da ƙirare a kai. Ta tsinci farar laima a bakin turken wani gida, ta tuna ta taɓa jin ana ci. Ta dafa. Don kaɗan ce, ta bar wa yara, ita ta kwana da ruwa. Nana ta ƙi ci. Sani ya cinye.

Amai da gudawa sunka kama yaron da yunwa ta riga ta cinye rabinsa. Kafin a samu babur ɗin kabu-kabun da zai kai shi likita, jikinsa ya saki. A hanya ya cika.

Matambayi ba ya ɓata. Da ta ɗaga murya sau ɗaya ta kan danga, da na ce mata zubar. Ban ga laifinta ba, abin da ta iske ana yi ta yi. Mata sunka zo gaisuwa sunka ce kwana ne ya ƙare, kuma gaskiya ne. Amma na san rabinsu da asuba sunka fita a ranar, kowace ita kaɗai.

Bayan sadakar bakwai sai Barira ta daina taɓa duk wani abu kore. Ruwan dussa take ba Nana, yarinya na ta lalacewa, wuya kamar zare. Na shiga na ce ta ɗauko kwando. Ta ce, "Kaka, maigida ya aiko murya a waya. Ya ce kada ya ji an gan ni da ganye, in jira aikensa." Na ce, "Muryar tasa dafa ta kike yi ki ba yarinya?" Na ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, in ya dawo ya zo ya same ni, ni na goya ubansa.

Da hantsi munka fita ta tsakiyar gari, ina dafe da kafaɗarta, don gwiwa ta gaji, ido kuma hazo ya rufe shi. Ita ke gani, ni ke shinshina. Na fara mata da masu kisa. Na hana ta gefen gonar da ciyawarta ta yi ja ba lokacinta ba. Can wajen duwatsu, inda ba mai noma, munka samu tafasa da yaɗiya. Da munka dafa na kwaɗa da ɗan ƙuli, na ci, ta ci. Munka zauna, Nana na kuka, har inuwa ta juya. Kana Barira ta ɗebi loma. Hannunta ya kai bakin yarinyar ya tsaya. Ban taimake ta ba. Nana ce ta kamo yatsun uwar ta tura bakinta.

Yarinyar na nan da rai. Barira kan miƙo mini ganye ta kan danga, ta faɗi sunansa kafin in shinshina. Mata biyu sun fara bin mu, saura na kallo daga ƙofa. Naman kaza ban nuna wa kowa ba, kuma ba zan nuna ba, tunda idona ba ya ganin wutsiya. Wannan sanin da ni za a rufe shi.

Cima ba ta bar ɗa ba, gonar mijinta an sayar, ko hoto babu. Abin da ya rage nata shi ne wanga ɗan sani, a hannun wata da ba ta taɓa ganinta ba. Barira ta roƙe ni in kai ta ta yi mata addu'a. Munka je tsohuwar maƙabarta, na kasa gane kushewar. Na ce ta faɗa mini abin da take gani. Ta ce tafasa ce ta rufe wurin duka, har gwiwa, kore shar, ba wanda ya fesa mata komi. Nan kaɗai ta rage da yawa a ƙasarmu, kuma nan ba a ɗiba. Munka shafa fatiha a kan duka, munka juyo.

Allah ya jiƙan Cima, ya jiƙan Sani.