Sallamar Malamar Kimiyya a Gwarzo

Ana idar da sallar asuba muka bar Kano, ni da maigidana, shi ke tuƙi. Gwarzo muka nufa wajen Madam Rifkatu, 'yar kudancin Kaduna da ta koya mana kimiyya a sakandare. Ta yi ritaya, aka ce a makon za ta koma garinsu gaba ɗaya.

Hanyar ba laifi, sai ramuka jefi-jefi. Damina ta yi kyau, dawa da masara sun rufe gonaki. A ƙasar Kabo muka tsaya shan shayi da gurasa. Mai shayin ya yi ta kukan tsadar sukari, kofin da ya miƙo mana kuwa ya gaskata shi.

Da magana na tafi a bakina. Na daɗe a jami'a ina binciken yadda iskar haidurojin ke ratsa ƙarfen maganiziyam. Aikin ya ƙi gaba, ga banki ya yi mini tayin aiki. Ina so ta ji daga bakina cewa zan bari, don ita ta fara ƙona mana sillen maganiziyam a aji, haskensa ya kashe mana ido.

Mun same ta tsakanin kwalaye, maƙwabta na ta shigowa sallama. Bayan doguwar gaisuwa ta ce, “'Yata, me kike yi da ƙarfen nan har yanzu?”

Na ce mata haidurojin makamashi ne marar hayaƙi, amma ajiye shi da wuya. Maganiziyam na shanye shi ya riƙe. Matsalar ita ce wanda ya fara shiga sai ya yi ɓawo a sama ya tare wa na baya hanya, kuma ba ya fitowa sai da zafin da ya fi na man tuyar ƙosai nesa. Shi ya sa muke niƙa ƙarfen ya zama gari, mu gauraya shi da wasu ƙarafa, ko iskar ta ƙara sauri.

“Ta ƙara?”

“Kaɗan, Madam.”

Sannan na faɗa mata zancen banki. Ba ta ce in tsaya ba, ba ta ce in tafi ba. Cewa ta yi, “Allah ya ba da sa'a. Amma kafin ku juya, zo ki faɗa wa yarana abin da kika faɗa mini. Ba a turo musu wani malamin ba tukuna.”

Muka bi ta zuwa makarantar. Ajin cike yake da 'yan mata. Da na gama, wata 'yar ƙauyen Mainika ta tambaya ko za a iya girki da iskar, don hayaƙin itace ya sa wa innarta tarin da ya ƙi jin magani. Na ce ana iya yi, amma ban san yaushe zai iso gare su ba.

Ta ce, “To Malama, wa ya sani?”

Na ce babu tukuna. Ta zauna.

Madam ta cika mana but ɗin mota da gyaɗar da aka kawo mata ta sallama, wai motarta ba wuri. Mun iso gida da la'asar sakaliya. Abin da na koya shi ne, in aikinka a hankali yake tafiya, kakan manta akwai masu jiransa a inda ba ka taɓa zuwa ba. Washegari na kira bankin na ce su ba wani aikin.