Shekarar da Shamuwa Ta Ƙi Sauka a Rimin Kumai

Baba Kumai manomin citta ne a wani ƙauye da ke bayan Fadan Kagoma, inda hanyar babur take ƙarewa a bakin fadama. Gajere ne, ba mai yawan magana ba. A majami'a kullum kusa da taga yake zama, don ko ana wa'azi kunnensa ɗaya yana waje. Tun yana yaro mai korar tsuntsaye a gonar acca ya haddace muryoyinsu. Ya san kulkulu ba ya nisa da manyan itatuwan bakin kurmi, ya san fakara ta fi son ciyawar tudu, cilakowa kuma sai rani ya kama take yawaita, da damina ta koma inda ta fito. Idan aka ce masa an ga tsuntsu kaza a wuri kaza, yakan girgiza kai ya ce, "Nan ba gidansa ba ne. Wucewa yake yi."

A bayan gidansa akwai wani rimi da kakansa ma a tsaye ya tarar da shi. Kowace shekara, bayan ruwan farko, shamuwa kan zo garke guda ta yada zango a kansa. Takan ɗan kwana biyu tana tsintar fara da kwaɗi a fadama, sannan ta wuce arewa inda take yin sheƙa. A gidan su Kumai ba a buɗe ramin irin citta sai ta sauka. Haka ubansa ya yi, haka kakansa. Wani fasto ya taɓa tambayarsa ko wannan ba ragowar al'adar duhu ba ce. Kumai ya ce masa a'a. Ruwan farko mayaudari ne, yakan zo ya ɗauke, ya bar iri yana dahuwa a cikin ƙasa. Shamuwa kuwa ba ta sauka sai damina ta zauna da gindinta, kuma Ubangijin da ya yi ruwan shi ya koya mata.

Shekarar da cuta ta shiga citta, gonaki suka yi rawaya tun daga nan har ƙasar Jaba. Mutum zai tona saiwa ta narke masa a hannu. Kumai ya tsira da ɗan abin da ya shuka a wani lungu a kan tudu. Bai sayar ba, bai ci ba. Shi ya yi ta juyawa yana ƙaruwa, har bana ya kai abin da zai cika gonar gida. Yana nan a rami ƙarƙashin mangwaro, an lulluɓe shi da busasshiyar ciyawa. In wannan iri ya lalace, gidan Kumai ya fita daga noman citta ke nan, domin sayen wani ya fi ƙarfinsu.

Bana ruwa ya sauka da wuri, ya kuma ci gaba. Maƙwabta suka shuka, suka rufe kunyoyinsu da ganye. Kumai ya gama gyaran gonarsa tsaf, ya ɗauko kujera ya ajiye a inda yake hango rimin.

A nan Alhaji Musbahu ya same shi. Ɗan kasuwar citta ne daga Kafanchan, iyayensu ma sun yi ciniki da juna.

"Dattijo, kowa yana gona, kai an ɗauke ka gadin itace?"

"Baƙi nake jira."

"Baƙin nan naka da ba su riƙe waya? Ba ni lambarsu in ji ko mota ce ta lalace musu."

Kumai ya yi dariya, ya sa aka kawo ruwa. Alhaji ya sha, ya ɗaga kai ya dubi rimin, sai dariyar ta sauka daga fuskarsa.

"Ka tuna mahautar Kafanchan muna samari? Ungulu har kwanon rufi take lotsawa. Jifa ba ya korar ta. To ka je yau ka duba. Hankaka ne kawai da karnuka. Wasu sun ce masu haɗa magani ne suka saye kawunansu, wasu sun ce guba suka ci. Abin da ya fi damuna, babu wanda zai ce maka ga ranar da suka tafi. Mun waiwaya ne kawai muka ga babu."

"Ungulu daban, shamuwa daban," in ji Kumai.

"Haka ne. Allah ya kawo su lafiya."

Bayan ya tafi, Kumai ya gangara fadama. Abubuwan da zai gani ba sabbi ba ne, ya daɗe yana ganinsu ɗaya-ɗaya, haɗa su ne bai yarda ya yi ba. Masara ta kai har bakin ruwa. An yi feshin maganin ciyawa, gefen rafi ya yi ja kamar an babbake. Ya taka ciyawa, fara ko ɗaya ba ta tashi ba. Can inda kurmi yake a da, hayaƙin masu gawayi ne yake tashi siriri. Ya tsaya ya kasa kunne ko zai ji zalɓe ko kirinjijiya. Ƙarar injin yanka itace ya ji daga nesa, ta tsaya, ta sake tashi.

Da ya dawo, matarsa Emilia tana tankaɗe a tsakar gida.

"Baban Nelson, zumuntar mata sun ce za su zo mana gayya ranar Talata."

"Ki ce su dakata."

"Su dakata har yaushe? Cittar gidan Samson ta fara leƙowa. Jiya na wuce ta gindin mangwaro, ban ji daɗin abin da hancina ya ji ba."

"Ciyawar sama ce ta jiƙe."

"To mu buɗe mu gani."

"Ubana bai taɓa buɗe rami shamuwa ba ta sauka ba."

"Ubanka ya ga masara a cikin rafi?" Ta ajiye rariya. "Ni ban ce tsuntsun ya yi ƙarya ba. Cewa na yi, in bai zo ba fa?"

Kumai ya koma kan kujerarsa da ke fuskantar rimin. A addu'ar safe ya riƙa roƙon abu ɗaya, ita kuma tana cewa amin a hankali. Talata ta zo ta wuce. Ruwa ya ci gaba da zuba, rimin ya yi sabon ganye, babu abin da ke kansa sai kurciyoyi.

Wata Lahadi, an tashi daga sujada mutane suna gaisawa a ƙofar majami'a, Kumai ya cire hularsa ya tsaya cak. Can ƙololuwar sama wasu baƙaƙen ɗigo ne suke kewayawa. Ya san tashinsu, shamuwa ce. Ba su kai rabin rabin waɗanda ya saba gani ba. Suka sauko ƙasa-ƙasa har ana ganin farin cikinsu, suka zagaya fadama, suka zagaya rimin. Ɗaya ta saki ƙafafu kamar za ta dira. Sai ta naɗe su. Garken ya sake hawa sama, ya miƙe arewa, har ido ya daina kai musu.

Kumai bai tsaya cire rigar coci ba. Ya nufi gindin mangwaro, Emilia tana binsa a baya. Da ya yaye ciyawar, wani ɗumi ya buso musu fuska, da tsamin da dukansu suka sani tun shekarar cuta. Irin sama ya yi tsiro dogaye, farare, sun lanƙwashe don neman haske. Ya tura hannu ƙasa. Ya fito da shi a jiƙe.

Suka zauna a ƙasa suna tsincewa, mai rai a kwando, matacce a gefe. Babu wanda ya ce da wani ai na faɗa maka. Matan zumunta suka zo washegari da fartanyoyinsu, amma aikin bai kai su azahar ba. Abin da ya tsira kusurwa ɗaya ta gonar ya cika, sauran kunyoyin da ya gyara suka zauna tsirara, ruwa yana wanke su.

Da matan suka watse, Kumai ya rage a bakin gona yana shimfiɗa ganye a kan ɗan abin da aka binne. Emilia ta kawo masa kunu.

"Wannan in Ubangiji ya yarda zai ba mu irin baɗi," ta ce.

"In ya yarda." Ya karɓi kwanon, bai kai baki ba. "Maman Nelson, baɗin da me za mu gane lokaci?"

Ta buɗe baki za ta ce rediyo, ko maƙwabta, sai ta tuna maƙwabtan ma bara sun shuka ruwa ya ɗauke musu. Ta sunkuya ta taya shi rufe kunyar ƙarshe.